Karatun Makaniks Bayan An Tashi Daga Gareji

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Da sunan Allah nake buɗe wannan kundi, domin in riƙa rubuta yadda karatuna na makaniks yake tafiya, wato sashen fiziks da ke bayani a kan motsin abubuwa da ƙarfin da ke sauya wannan motsi. Shekara huɗu ke nan da na gama sakandare, kuma tun daga lokacin nake garejin kawuna a nan Zariya, inda muke gyaran babura da adaidaita-sahu. Na sami kiredit a fiziks a jarrabawar WAEC, amma ni na san da hadda na same shi, domin abin da na haddace ya zube tun kafin sakamako ya fito. Niyyata yanzu ita ce in shiga shirin IJMB, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi, wanda kuma yake bai wa wanda ya ci damar faɗawa aji biyu na jami'a kai tsaye, in karanta aikin injiniya.

Wani dattijo a layinmu, tsohon malamin fiziks da ya yi ritaya, ya amince ya riƙa zama da ni ranakun Talata da Asabar bayan sallar isha'i. Ya ƙi karɓar ko sisi, sai muka daidaita a kan in riƙa duba masa tsohon babur ɗinsa. Yau na je Samaru na sayo littafi na hannu a kan naira 6,500, da kalkuleta 5,000, da littattafan rubutu uku 1,500, da takardar giraf 700. Jimilla naira 13,700. Da Kawu ya ga kayan ya tambayi sunan karatun, na faɗa masa, sai ya yi dariya ya ce bai taɓa jin bakanike ya shekara huɗu yana kwance inji sannan ya koma neman mai koya masa makaniks ba.

Talata, 7 ga Janairu

Darasi na farko, kuma ban taɓa jin kunyar karatu irin ta yau ba. Na je da shirin a fara da ƙa'idojin lissafin gudu da na kwana biyu ina bita, sai Malam ya ture littafin gefe, ya ɗauki tsakuwa a tsakar gida ya cilla sama ya cafe. Daga nan ya ce in zana tsakuwar a lokacin da take kan hawa, bayan ta bar hannunsa, in sa kibiya ga kowane ƙarfi da ke aiki a kanta. Na zana ƙaramar kibiya tana kallon ƙasa, na zana babba tana kallon sama, na ce wannan ƙarfin jifa ne. Ya dubi zanen ya ce, “Ɗana, kibiyar ƙasa na san mai ita, duniya ce ke ja. Ta saman nan fa, wane ne yake turawa?” Na ce hannunsa ne. Ya ɗaga hannun a hasken fitila ya ce, “Ga hannuna a jikina, tsakuwa kuwa tana can sama. Da me nake taɓa ta?”

Na yi ta kame-kame har na gaji. Abin da ya fahimtar da ni shi ne, hannu ya bai wa tsakuwa gudu, aikinsa kuma ya ƙare a lokacin da suka rabu. Daga nan, in ban da ɗan abin da iska ke yi, ƙarfi ɗaya ne kawai a kanta, wato jan ƙasa, wanda yake zaftare mata kimanin mita 9.8 a sakan daga gudunta cikin kowane sakan. A ƙololuwa gudun ya zama sifili, amma zaftarewar ba ta tsaya ba, shi ya sa take juyowa. Dokar Newton ta farko, wadda ta ce abu mai motsi ba ya tsayawa ko sauya hanya sai wani ƙarfi ya taɓa shi, zan iya karanto ta da Turanci babu gargada, ashe ban taɓa yarda da ita ba. Dalilin ma na gane shi: a gareji duk abin da ka daina turawa tsayawa yake yi, kuma wanda ya saba tura mataccen babur a cikin yashi ba zai yarda cikin sauƙi cewa motsi ba ya bukatar mai turi ba.

Malam ya ce kada in damu, manyan masana sun yi ɗaruruwan shekaru a wannan tsakuwar. Aristotal ya ɗora abin a kan iska, Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya ce mai jifa yana barin wani abu a cikin dutsen da ya kira “mail”, sai a 1687 Isaac Newton ya fitar da dokokinsa uku a tsare. Ya kafa mini sharaɗi biyu. Kada in rubuta lamba ko ɗaya kafin in yi zane, kuma duk kibiyar da na kasa faɗin mai ita in goge ta. Ya kuma hana ni cewa maganaɗisun ƙasa, tunda maganaɗisu ba ya jan tsakuwa ko katako.

Alhamis, 9 ga Janairu

Na yi tambayoyi 20 a kan gudu a miƙaƙƙen layi, na ci 17. Ukun da na faɗi duk a alamar ɗebewa ne, domin na kan manta wace alƙibla na ɗauka a matsayin sama.

Asabar, 11 ga Janairu

Mun yi bekta, wato awon da ke da girma da alƙibla, da motsin abin da aka harba. Malam ya sa na ɗora noti biyu a bakin teburinsa mai tsayin santimita 80, na bar ɗaya ya faɗi, na kuma ɗalle ɗayan ya yi gaba a lokaci guda. Ƙara ɗaya muka ji a siminti, duk da cewa wanda na ɗalle ya sauka kusan mita ɗaya daga ƙafar tebur. Lissafi ya nuna dukansu sakan 0.4 suka yi a iska. Tafiyar gaba da faɗuwar ƙasa ba ruwan kowace da ’yar’uwarta, kuma a kan wannan aka gina duk babin.

Laraba, 15 ga Janairu

Ban buɗe littafi ba kwana uku. An kawo mana adaidaita huɗu a jere, ga hunturu ya tsattsaga mini hannu, ga babu wuta. Na sayi fitila mai caji a kan naira 4,500.

Asabar, 18 ga Janairu

Tambaya ɗaya ta cinye mini daren jiya. Akwati mai kilo 10 yana kan gangare mai kusurwa digiri 30, ma'aunin gogayya tsakaninsu, wato lambar da ke nuna yadda suke riƙe juna, 0.2, an ce a ɗauki jan ƙasa a matsayin 10, a nemo yadda gudunsa yake ƙaruwa. Na sami 3.0, littafi ya ce 3.27. Na sake sau biyar ina samun abu ɗaya, har wajen ƙarfe ɗaya na dare na yanke hukuncin cewa kuskuren ɗab'i ne, na ma sa alama da jan biro a gefen shafin.

Malam bai ɗauki minti ɗaya ba ya ga ɓarakar. Na ɗauka katako yana tokare akwatin da cikakken nauyinsa, niyuton 100 (niyuton shi ne ma'aunin ƙarfi), alhali a kan gangare nauyin rabuwa yake yi gida biyu: niyuton 50 yana jan akwati ya gangara, niyuton 86.6 yana danna shi a jikin katako. Gogayya da wannan dannawar take tafiya, saboda haka 17.3 ce, ba 20 da na sa ba. Idan aka cire ta daga 50 aka raba da kilo 10, ga 3.27 nan zaune. Ya tambaye ni ko na taɓa hawar da babur cikin a-kori-kura ta kan katako. Na ce kusan kullum. Ya ce to in tuna, duk lokacin da katakon ya ƙara miƙewa, nauyin yana barin katako ne ya dawo hannuna. Ya kuma ba ni dabarar da za ta raba ni da rikita sayin da kos na lissafin kusurwa, wadda ta daɗe tana damuna: in ɗauka gangaren ya miƙe ya zama bango, digiri 90, in tambayi kaina wane kashi ne ya kamata ya ɓace. Akwati ba ya danna bango, kos na 90 kuwa sifili ne, ke nan dannawa ita ce mai kos. Na goge jan biron da na sa wa littafin bayin Allah.

Lahadi, 19 ga Janairu

Na gwada abin a gareji da katako mai tsawon mita 2 da bulon siminti. Ina ɗaga gefe ɗaya a hankali, bulon ya fara zamewa da tsayin ya kai kusan mita 1, wato digiri 30, wanda ya ba da ma'aunin gogayya kimanin 0.58. Sai na ɗaura wani bulon a kan na farko. Yaran gareji biyu suka rantse sai an ƙara ɗagawa tunda nauyi ya ninka, ɗaya kuma ya ce zai fi saurin zamewa. A gwaji shida, wasu da bulo ɗaya, wasu da biyu, wasu an kwantar da shi ta gefe, tsayin bai fita daga tsakanin santimita 96 da 104 ba. Nauyin da ya ƙara jan gangara shi ne ya ƙara dannawa, sai suka share juna.

Asabar, 25 ga Janairu

An kawo wani babur da tirela ta buga, gabansa ya lotse kamar gwangwani, mai shi kuma Allah ya tsare, karaya ɗaya ya samu a ƙafa. Da yake makon nan muke kan doka ta uku, sai bakina ya suɓuce na ce ƙarfin da tirela ta bugi babur da shi daidai yake da wanda babur ya bugi tirela da shi. Kawu ya ajiye sifana ya ce, “Kai yaro, bokon nan ya fara taɓa ka. Je ka dubi babur ɗin da kyau.”

Na yi ƙoƙarin bayani da alli a ƙasa. A ce tirela da kayanta kilo 30,000 ce, babur da mahayinsa kilo 200, wato ta ninka shi sau 150. Ƙarfi ɗaya ne, lokacin haɗuwa ɗaya ne, amma idan gudun babur ya sauya da mita 15 a sakan, na tirela da kashi ɗaya cikin goma na mita a sakan kawai zai sauya, abin da direba da ƙyar zai ji a kujerarsa. Mutum kuwa wannan sauyin na farat ɗaya ne ke karya shi. Kawu ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, “To sai ka je asibiti ka gaya wa mai babur kunnen doki aka yi.” Gareji ya ɗauki dariya, ni ma na yi.

Da dare na kai wa Malam nawa ruɗanin, wanda ban faɗa a gareji ba: idan sa yana jan amalanke, amalanke kuma yana jan sa da ƙarfi daidai, yaya aka yi suke tafiya? Ya ce in zana su daban-daban, kowa a takardarsa. Ina rabawa na ga kibiyoyin biyu ba a jiki ɗaya suke ba, ɗaya tana kan sa, ɗaya tana kan amalanke, don haka babu yadda za su share juna. Abin da ke kai sa gaba shi ne ƙasar da yake tokarawa da kofato.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Yau na so in auna jan ƙasa da kaina, na ƙare da faɗa da ƙanwata. Na karɓi zare wajen tela, na ɗaura babban noti, na rataye a ƙusa a saman ƙofar ɗaki, na auna mita 1 cif daga ƙusa zuwa tsakiyar notin. Ƙa'idar lilo ta ce idan an san tsawon zare da lokacin zuwa da dawowa ɗaya, za a sami jan ƙasa ta hanyar ninka tsawon da 39.48 a raba da lokacin da aka ninka da kansa. Ni nake ƙirga, ita tana riƙe da agogon waya. A lilo goma mun sami sakan 18.1, da 18.0, da 18.2. Ke nan kowane lilo sakan 1.81, jan ƙasa kuma ya fito 12.

Na rufe taga saboda iska, 12. Na canja noti na sa wanda ya ninka shi nauyi, 12. Na sake auna zaren har sau uku. Da na rasa wanda zan ɗora wa laifi sai na ce ita ce take saurin dannawa. Ta ajiye wayar ta ce, “Yaya, ni dai inda ka ce in danna nan na danna,” ta fita abinta. Abu ɗaya da na tsira da shi a yau shi ne na ga nauyin noti bai sauya lokacin lilo ba, kamar yadda littafi ya ce, amma ban ji daɗin ko wannan ba.

Talata, 4 ga Fabrairu

Malam bai ko dubi lissafin ba, ya ce in rataye zaren in ƙirga yana ji. Ina sakin notin na ce “ɗaya”, sai ya ɗaga hannu. A lokacin da na ce ɗaya notin bai je ko'ina ba, ke nan duk ranar Lahadi lilo tara nake aunawa ina rabawa da goma. Ya ce a fara da sifili, a ƙirga ashirin, a riƙa dannawa lokacin da noti yake gifta tsakiya inda ya fi sauri, kuma kada a ja shi gefe fiye da digiri goma.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Na ba ƙanwata haƙuri da awarar naira 500, ta dawo bakin aiki. A lilo ashirin mun sami sakan 40.2, da 40.1, da 40.3. Kowane lilo sakan 2.01, jan ƙasa 9.77. Murna ta kama ni, domin Malam ya taɓa gaya mini cewa jan ƙasa ba ɗaya ba ne a ko'ina: kimanin 9.78 ne a layin tsakiyar duniya, 9.83 a can ƙuryar arewa, kuma Zariya da take wajen digiri 11 tana kusa da na farkon. Har na fara raya wa kaina cewa na gano wannan bambanci da zaren tela.

Da na zauna na lissafa kuskuren awo sai jikina ya yi sanyi. Yatsan mutum yana iya makara ko gaggawa da sakan 0.2, wanda a cikin 40 rabin kashi ɗaya ne cikin ɗari, kuma tunda ana ninka lokacin da kansa, kuskuren ma ninkuwa yake yi ya zama kashi ɗaya. Iyakar abin da zan iya cewa da gaskiya shi ne jan ƙasa a ƙofar ɗakinmu yana tsakanin 9.67 da 9.87, kusancin da na samu kuwa akwai sa'a a ciki. Jean Richer, Bafaranshen da ya lura da bambancin a 1672, agogon lilo ya kai Cayenne, wani gari kusa da layin tsakiyar duniya, daga Paris, ya ga yana makara da wajen minti biyu da rabi a kowace rana. Shi yana da lilon yini da kwana cur, ni ina da na sakan arba'in.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Aiki da makamashi. Wannan babin ya shiga kaina da wuri saboda na san zafin birki da hannuna, na taɓa ƙonewa da na kama na wani babur da ya sauko daga doguwar tafiya. Makamashin motsi can yake tafiya, ya zama zafi. Abin da ban sani ba shi ne makamashin yana tafiya ne da gudun da aka ninka da kansa. Na lissafa a kan busasshiyar kwalta, na ɗauki ma'aunin gogayya 0.7: mai gudun kilomita 40 a awa yana bukatar kimanin mita 9 daga taka birki zuwa tsayawa, mai gudun 80 kuwa mita 36. Idan aka ƙara sakan ɗaya na kafin ƙafa ta kai ga birki, sun zama mita 20 da mita 58. Inda yashi ya hau titi har gogayya ta ragu da rabi, tazarar birkin ninkawa take yi. Na maimaita lissafin sau biyu saboda ban yarda ba da farko, ni da nake gwada baburan mutane a titi bayan gyara.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Ƙarfin murɗawa da daidaiton abu a tsaye. Tambayoyi 15, na ci duka. Wanda ya saba zura bututu mai mita 1 a kan sifana mai santimita 25 don kwance noti mai taurin kai ya riga ya san ƙarfinsa ya ninka huɗu, ya kuma san abin da ke faruwa idan ya yi haka wajen ɗaurewa. Kuɗin hoton tsofaffin tambayoyi naira 2,400.

Lahadi, 2 ga Maris

An ɗauki azumi jiya. Karatun dare ba zai yiwu ba saboda tarawihi da gajiya, don haka na mayar da shi bayan sallar asuba zuwa ƙarfe bakwai da rabi, zama da Malam kuma ya koma safiyar Asabar kawai. Na fara motsi a da'ira. Ina zana adaidaita a shataletale sai na ga hannuna ya ja kibiya tana kallon waje, saboda na san yadda fasinja ke jin ana wurga shi gefe. Na tambayi kaina mai kibiyar, na rasa, na goge. Fasinja miƙewa jikinsa yake son yi, keken ne yake karkacewa daga ƙarƙashinsa, ƙarfin gaske kuwa gogayyar taya da kwalta ce, kuma ciki take kallo.

Asabar, 8 ga Maris

Malam ya nuna mini farantin tauraron ɗan'adam da ke kan rufin maƙwabcinsa, ya ce tun da aka kafa shi bai motsa ba, alhali duk abin da ke sama tafiya yake yi. Ya ce in nemo nisan da tauraro zai kasance domin ya zagaya duniya a daidai lokacin da take juyi ɗaya, wato awa 23 da minti 56 da sakan 4. Na daidaita jan duniya da ƙarfin da da'ira ke bukata, na sami kilomita 42,164. Littafi ya ce 35,786. A watan Janairu da na zargi maɗaba'a, yau kuwa na cire wannan daga wancan na ga 6,378, na gane nisa ne daga tsakiyar duniya zuwa doronta. Amsata daga tsakiya take, tasu daga ƙasa. A irin wannan da'ira tauraron sadarwa na Najeriya, NigComSat-1R, yake, wanda aka harba daga ƙasar Sin a Disambar 2011. Gudunsa ya ɗan haura kilomita 3 a sakan, kuma babu injin da ke tura shi gaba a wannan zagaye. Da na faɗi haka Malam ya ce, “Tsakuwarmu ce ta ranar farko, ta dai sami gudun da ƙasa ke kauce mata kafin ta iso.”

Lahadi, 16 ga Maris

Juyawar abu mai jiki ita ce ta fi kowane babi wuya zuwa yanzu. Littafi ya ce idan abubuwa suka gangaro suna mirgina, nauyinsu da girmansu ba su ne ke tantance wanda zai riga ba, sai yadda nauyin ya rarrabu daga tsakiya. Wanda nauyinsa yake baki-baki yana kashe makamashi mai yawa a juyi, sai na tafiya ya ragu. Na ɗaga katakon nan mai mita 2 da santimita 10, na lissafa tun kafin gwaji: ƙwallon boris sakan 3.4, cikakken gwangwani 3.5, gwangwanin da aka fafe kansa da gindinsa 4.0. Galileo da irin wannan katakon ya yi nazarin faɗuwa, kamar yadda ya bayyana a 1638, kuma da yake ba shi da agogo mai sakan, ruwan da ya tsiyaye daga mazubi yake aunawa a sikeli.

Fafaffen gwangwani ya yi 4.1, boris ya yi 3.5, duk lafiya. Gwangwanin madara ya yi 3.1. Ya riga boris nesa ba kusa ba, abin da lissafi ya ce ba zai yiwu ba. Na juya katakon, na share shi, na sake sau takwas da ƙishirwar azumi, bai canja ba. Wannan karon ban zargi ƙanwata ba.

Talata, 18 ga Maris

Jiya wajen buɗa-baki na ɗauki gwangwanin ina jujjuya shi a hannu ba da wata niyya ba, sai na ji madarar tana kaɗawa a ciki. Nan take na gane. Ƙa'idar da na yi amfani da ita ta abu daskararre ce, wanda duk jikinsa ke juyawa tare. Madarar ruwa kuwa ba ta bin gwangwani juyi sosai, zaune take a ciki ana tafiya da ita, don haka kusan duk makamashin a tafiyar gaba yake ƙarewa. Na lissafa abin da zai zame ba juyi ba gogayya, ya ba ni sakan 2.9, ga madara a 3.1, tsakanin wannan da daskararre. Yau na gwada da tumatirin gwangwani mai kauri, ya yi 3.6. Bambancinsa da boris ya yi wa agogon waya ƙanƙanta, sai na sake su tare na yi musu tsere, boris ya riga sau huɗu cikin biyar. Wannan ne karo na farko da na warware matsala irin wannan kafin in kai wa Malam. Gwangwanayen biyu naira 1,600, kuma Inna ta riga ta karɓe su.

Asabar, 22 ga Maris

Malam ya yi mini jarrabawar gwaji ta awa uku a kan duk abin da muka yi, na sami 61 cikin 100. Maki 10 sun tafi saboda na bar gudu a kilomita a awa ban mayar da shi mita a sakan ba, 9 a tambayar ƙarshe da lokaci bai bar ni na gama ba, 8 a ƙananan kurakuran lissafi. Sauran 12 su ne suka fi ƙona mini rai. An ce ana wulwula dutse a zare, zaren ya tsinke, a zana inda dutsen zai bi a kuma lissafa inda zai sauka. Da na ga lokaci yana ƙurewa ban yi zanen kibiyoyi ba, na tura dutsen waje kai tsaye daga tsakiyar da'ira, kamar akwai wani ƙarfi da ke jiran zare ya tsinke. Daidai shi ne ya miƙe ta alƙiblar da yake fuskanta a lokacin tsinkewar, yana shafar gefen da'ira. Malam ya tambaye ni ko ban taɓa korar tsuntsaye da majajjawa a gonar gero ba. Na ce na yi, a ƙauyen kakanninmu. Ya ce, “To hannunka ya san lokacin saki tun kana yaro, biron ne bai sani ba.” Ya dawo mini da sharaɗin zane, ya ce ko minti biyu ne suka rage.

Laraba, 26 ga Maris

Gareji ya cika da masu gyaran sallah, don haka na dakatar da karatu sai bayan idi. Kuɗin da na kashe tun 4 ga Janairu, har da data naira 6,000 da baƙin mai da fulogi na babur ɗin Malam 5,300, ya kama naira 34,000.

Bayan sallah zan sake tambayoyin da'ira talatin, kowace da zanenta, sannan mu shiga motsin kai-komo da dokar sifirin da Robert Hooke ya wallafa a 1678. Malam ya ce kafin nan sai na koyi farkon kalkulas, wato lissafin yadda abubuwa ke sauyawa, domin ba zai ci gaba da ba ni ƙa'idoji ina karɓa ban san daga inda suka fito ba, kuma zai sake mini wata jarrabawar a ƙarshen Afrilu. Na ware sifirin na wani tsohon shokozoba, amma da na hau kansa da ƙafa ɗaya na ga ɗan kaɗan ya lotsa, don haka ya yi wa nauyin da nake da shi tauri. Zan nemi na jikin tsayuwar babur ko na birki, in kuma roƙi mai sayar da gas na bakin layinmu ya auna mini notina ɗaya bayan ɗaya a sikelinsa.